Daga Kwabon Zariya Zuwa Ruwan Gishiri: 'Yan Jarida da Yaƙi da Jita-jita a Najeriya

Da asubahin ranar Juma'a, 8 ga Agusta, 2014, wayoyi suka yi ta ruri a gidajen Najeriya tun kafin ladan ya kira sallah. Uwa na kiran ɗanta da ke makaranta, wa na kiran ƙanwarsa da ke aure a wani gari, saƙon kuwa ɗaya ne: a tashi a ɗora ruwa a wuta, a zuba gishiri, a yi wanka da shi, a kuma sha, wai shi ne garkuwa daga cutar Ebola. Saƙon ya kwana yana yawo a BlackBerry da WhatsApp da Facebook, daga nan ya sauka kan ƙananan wayoyi, ya shiga bakin waɗanda ba su taɓa buɗe intanet ba.

Tsoron yana da dalili. Ranar 20 ga Yuli wani ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas ɗauke da cutar, ya rasu bayan kwana biyar, wasu kuma daga cikin ma'aikatan lafiyar da suka kula da shi suka kamu. Amma maganin da aka yaɗa ƙanzon kurege ne. Kafin Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, da gidajen rediyo su ƙaryata zancen, mai aukuwa ta auku: jaridu sun ruwaito mutuwar aƙalla mutum biyu, da kwantar da wasu da dama a asibiti saboda gishirin da suka ɗirka. Ranar 20 ga Oktoba, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Najeriya ta rabu da Ebola, lissafi ya nuna mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a Legas da Fatakwal. Cutar ba ta taka Arewa ba, amma ruwan gishiri ya ratsa biranenta da ƙauyukanta.

Wannan dare ya nuna wa 'yan jarida cewa zamani ya sauya, labari yana iya zaga ƙasa kafin edita ya farka. Sai dai gwagwarmayar ɗan jarida da jita-jita ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Hasali ma, jaridar Hausa da ta fi kowace suna a tarihi, jita-jita na cikin dalilan haihuwarta.

Jaridar da tsoron Hitila ya haifa

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an ƙwace wa Jamus ƙasashen da take mulka a Afirka, har da Kamaru da Togo, aka kuma haɗa wani yanki na Kamaru da Najeriya a ƙarƙashin kulawar Ingila. Da Hitila ya hau mulki, Jamus ta shiga neman a mayar mata da abin da ta rasa. A watan Satumba na 1938 Ingila da Faransa suka sallama masa wani yanki na ƙasar Cekoslobakiya domin gudun yaƙi. Daga nan raɗe-raɗi suka bazu a Najeriya cewa Turawan Ingila za su miƙa ƙasar ga Jamus. Zancen ba gaskiya ba ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ga an ba da ƙasar wasu don a zauna lafiya, ba laifinsa ba ne idan ya yi zargin tasa ce ta gaba.

A wannan yanayi ne, cikin watan Janairu na 1939, Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, tare da Malam Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa. Sunan kansa talla ne kuma alkawari: kuɗinta kwabo, abin da ke ciki kuwa ya fi kwabo daraja. Kwafi ɗaya yakan wadatar da majalisa guda, domin mai ilimin boko ɗaya zai karanta a fili, sauran su saurara, su yi muhawara.

Abu biyu suka ba jaridar ƙarfi. Na farko, ta yi wa mutane magana da Hausar da suke ji, ta alƙalamin marubucin da suka riga suka sani ta Magana Jari Ce. Na biyu, ta buɗe ƙofa ga wasiƙun masu karatu, har ta zama dandalin da 'yan bokon Arewa na farko ke faɗin damuwarsu. Rauninta kuma a fili yake: jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce, a lokacin yaƙi kuma muryar ɓangare ɗaya ce. Tambayar da ta taso tun a wancan lokaci har yau ba ta kwanta ba: idan mai ƙaryata jita-jita yaron hukuma ne, wa zai ƙaryata hukuma ran da ita ce ta yi ƙarya?

Zamanin rediyo

Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, sannan Muryar Jamus da Muryar Amurka suka shigo fage. Rediyo ya cire sharaɗin iya karatu. Manomi a gona, direba a tasha, mai shayi a bakin titi, kowa ya samu hanyar jin duniya kai tsaye. A hankali “an faɗa a rediyo” ta zama hujjar kashe gardama daga Kano har Damagaram.

Irin wannan amana kaifi biyu gare ta. A ƙarshen watan Satumba na 1966, ana tsakiyar zaman ɗar-ɗar bayan juyin mulki biyu a shekara guda, Rediyon Kaduna ya maimaita wani rahoto da aka jingina wa gidan rediyon Kwatano, cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabashin ƙasar. Masana tarihi da dama sun lissafa wannan rahoto cikin abubuwan da suka rura wutar kashe-kashen da suka biyo baya a biranen Arewa, waɗanda suka share fagen yaƙin basasa. Darasin yana da ɗaci: kafar da jama'a suka yarda da ita, in ta ɗauki zance ta maimaita a lokacin da zukata suka yi zafi, tasirinta ya fi na masu tsegumi dubu.

Ɗigon rigakafi da darasin Kano

A 2003 aka yi karon da ya fi kowane tasiri a kan yadda ake aikin tantance labari a Afirka a yau. Wasu fitattun mutane, ciki har da Dokta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Najeriya, suka yi zargin cewa an gurɓata ɗigon rigakafin shan-inna da sinadarin hana haihuwa. Jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da rigakafin. Kano ce ta fi daɗewa, ba ta dawo ba sai a watan Yuli na 2004, bayan gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince da maganin da aka samo daga Indonesiya. A tsakanin nan da 'yan shekarun da suka biyo baya, ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita, yara da yawa kuma suka shanye har abada.

Zargin ba shi da tushe a kimiyance, amma ya faɗo a ƙasar da aka riga aka yi wa huɗa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Duniya ba ta san cikakken labarin ba sai da jaridar Washington Post ta bankaɗo shi a ƙarshen shekarar 2000, kuma sai a 2009 kamfanin ya sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Duk ɗan jaridar da ya ɗauki masu ƙin rigakafi a matsayin jahilai kawai, bai fahimci inda gizo ke saƙar ba.

Kuskuren kafafen yaɗa labarai da yawa a lokacin shi ne tsayawa a kan “wane ya ce, wane ya musanta”. Aka riƙa jera zargi da martani kafaɗa da kafaɗa kamar nauyinsu ɗaya, aka bar mai sauraro ya zaɓi wanda ya fi kwanta masa. Kaɗan ne suka bi diddigi: wane ɗakin gwaji ne ya auna maganin, me ya gani, nawa ne adadinsa, kuma me ya faru da haihuwa a ƙasashen Musulmi da suka shekara da shekaru suna amfani da irin wannan ɗigo? Peter Cunliffe-Jones, wanda ya yi wa kamfanin dillancin labarai na AFP aiki a Najeriya, ya sha bayyana cewa wannan al'amari na cikin abubuwan da suka sa ya kafa Africa Check a birnin Johannesburg a 2012, cibiyar tantance labarai mai zaman kanta ta farko a nahiyar.

Wutar ba ta mutu nan take ba. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, 'yan kwanaki bayan wani shirin rediyo ya sake tayar da tsohon zargin, abin da ya kai ga gurfanar da wasu ma'aikatan gidan a kotu. Sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Abin da ya kawo wannan nasara ba sanarwar gwamnati ce kaɗai ba. Sarakuna da malamai da masu unguwanni da shirye-shiryen rediyo na Hausa su suka yi ta bi gida-gida da kunne-kunne har aka dawo da yardar da ta zube.

Hotunan Filato

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001. Cikin shekara goma sha ta mayar da duk mai ita ɗan rahoto, ba edita, ba mai tambayarsa ina ya ji. Abin da hakan ke iya haifarwa ya bayyana a Jihar Filato. A ranakun 23 da 24 ga Yuni, 2018, aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan yankin Barikin Ladi, aka kashe mutane da yawa. Harin gaskiya ne. Amma tare da labarinsa sai wasu hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook, ana cewa daga wurin aka ɗauko su. Ranar 24 ga wata fusatattun matasa suka tare hanya, suka riƙa fito da matafiya daga motoci suna kashewa.

A watan Nuwamba na wannan shekara sashen bincike na BBC Africa Eye ya bi sawun hotunan. Ya gano cewa hoton wani jariri da aka yi ta yaɗawa ya riga harin fitowa da watanni, wani bidiyo kuma ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kwango-Brazzaville yake, tun 2012. 'Yan sandan jihar sun shaida wa masu binciken cewa irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen tunzura ramuwar gayya. Binciken ya kuma nuna cewa cibiyoyin da Facebook ya ɗauka don tantance labarai a Najeriya, ma'aikata huɗu kacal suka keɓe wa aikin, alhali masu amfani da dandalin a ƙasar sun kai miliyan 24, kuma babu mai jin Hausa a cikin huɗun.

Binciken ya yi kyau, amma ya zo bayan wata biyar, an daɗe da binne waɗanda aka kashe a hanya. Wannan tazara tsakanin gudun ƙarya da tafiyar gaskiya ita ce babbar matsalar aikin har gobe.

Sabuwar sana'a a cikin tsohuwa

Shekarar 2018 ce tantance labari ya zama reshe mai zaman kansa a aikin jaridar Najeriya. Cibiyar binciken ƙwaƙwaf da jaridar Premium Times ta kafa ta ƙaddamar da Dubawa, suna kuwa na Hausa ne. Gab da zaɓen 2019 kafafe fiye da goma suka haɗa kai a ƙarƙashin CrossCheck Nigeria, suna bincika zance tare, su fitar da sakamako tare, domin kada a ce ra'ayin gida ɗaya ne.

Kayan aikin ba su da wuyar fahimta. Akwai manhajojin da ake saka wa hoto su nuna inda ya fara bayyana a intanet da ranar da ya bayyana. Akwai duban tsanaki: lambar mota, rubutun allon shago, kakin ɗan sanda, harshen da ake ji a bayan murya, ko damina ce ko rani. Sannan akwai tsohuwar hanya wadda har yau babu kamarta, wato ɗaga waya a kira asibitin garin, da ofishin 'yan sanda, da mai unguwa, da wakilin da zai taka ya gani da idonsa, tunda gani ya kori ji. Ga al'ummar da ta gaji ilimin isnadi, inda malaman hadisi ke bin mai ruwaya ɗaya bayan ɗaya suna auna gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa, wannan ba baƙon tunani ba ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma umarni ce da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Duk da haka, akwai inda kayan aikin ke gazawa. Saƙon WhatsApp a rufe yake, ba mai ganinsa sai wanda aka tura wa. Jita-jitar Hausa kuma yawanci da murya take yawo: wani ne zai yi sallama, ya yi rantsuwa, ya ce ɗan'uwansa na wurin da abin ya faru. Irin wannan ba ya shiga manhajar bincike, kuma ya fi rubutu shiga zuciya, musamman in daga waya ta ɗan'uwa ya fito. A watan Janairu na 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, abin da ya rage gudu amma bai tare hanya ba. Rahoton tantancewa da aka rubuta da Turanci aka ajiye a shafin intanet ba zai taɓa cim ma muryar da ke yawo a zauren dangi ba. Shi ya sa gyaran da ya fi tasiri a ƙasar Hausa shi ne wanda ya bi ta rediyo, ko ya koma murya da gajeren bidiyo, ya shiga ta ƙofar da ƙaryar ta shiga.

Akwai kuma ƙaryar da hujja ba ta kashe ta. Bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jinyar fiye da kwana 100 a Landan a 2017, aka yaɗa cewa ya rasu, wai wani Jibril daga Sudan ne aka ajiye a madadinsa. Masu tantancewa sun warware hotunan da aka kafa hujja da su, amma zancen ya ci gaba har sai da shugaban da kansa ya musanta shi a ƙasar Poland a watan Disamba na 2018. Abin da ya ba zancen rai shi ne ɓoye-ɓoyen da fadar shugaban ƙasa ta yi a kan rashin lafiyarsa. Inda hukuma ta yi gum, nan shaci-faɗi ke samun wurin zama.

Tarkon doka da tarkon kuɗi

Duk lokacin da ƙarya ta yi ɓarna, gwamnati kan ce maganinta doka. Tarihi ya koya wa 'yan jarida yin kaffa-kaffa da wannan magani. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta haramta buga abin da zai kunyata gwamnati ko jami'inta, a ƙarƙashinta kuma aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda saboda rahoto kan naɗin jakadu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an yi ta amfani da shi wajen kama 'yan jarida kafin a yi masa gyara a 2024. Ƙudurin da Sanata Mohammed Sani Musa ya gabatar a 2019 don hukunta yaɗa ƙarya a intanet ya sha suka har ya kwanta. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 gwamnati ta rufe Twitter ɗungurungum. A Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, sojoji sun dakatar da RFI da France 24, a Disamba 2024 kuma suka dakatar da BBC wata uku bisa zargin yaɗa labarin ƙarya. A duk waɗannan, mai mulki ne ke yanke hukuncin abin da yake ƙarya, tambayar 1939 ta sake dawowa.

Ɗaya tarkon a cikin gida yake. Wani binciken BBC a Janairu 2023 ya nuna yadda jam'iyyu ke biyan masu tarin mabiya a asirce don su yaɗa ƙage a kan abokan hamayya. Kano ta daɗe da sanin sojojin baka a rediyo, yanzu sun samu ƙanne a Facebook da TikTok. Ɗan jaridar da ke wata da watanni ba albashi, yana dogaro da na-goro daga hannun waɗanda yake ba da labarinsu, da wuya ya ƙaryata mai ba shi. Gidan jaridar da ke kwafo zance daga soshiyal midiya ya buga don neman masu dannawa, ya zama bututun abin da ya kamata ya tare. Ba banza ba maƙirƙira ƙarya ke manna tambarin sanannun kafafe a kan ƙagensu: sun san amana ce jarin ɗan jarida, ita suke sata.

Tallafin waje ma ba abin jingina ba ne. A Janairu 2025 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sanar da daina aiki da masu tantance labarai a Amurka, abin da ya jefa takwarorinsu na sauran ƙasashe cikin zullumi. A watan Maris na shekarar kuma umarnin Fadar White House ya sa Muryar Amurka ta yi shiru, har da Sashen Hausa da miliyoyin mutane suka saba ji tun 1979.

Abin da tarihin ya bari

Daga 1939 zuwa yau, abubuwa uku ne ke maimaita kansu. Jita-jita takan tsiro ne a kan tsoro ko rauni na gaskiya, don haka ƙaryata ta ba tare da amsa wannan tsoro ba aikin baban giwa ne. Gyara ba ya aiki sai ya zo da wuri, da harshen mutane, ta bakin da suka yarda da shi. Wannan yarda kuwa ba a ranar tashin hankali ake gina ta ba. Ana tara ta ne a ranakun da ba kowa ke kallo ba: ran da gidan rediyo ya ƙi watsa zancen da bai tabbatar ba ko da abokan gasa sun riga shi, ran da jarida ta fito ta ce ta yi kuskure, ran da ta faɗi gaskiyar da ba ta yi wa mai gidanta daɗi ba.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daina zuwa teburin masu sayar da jaridu, kwabon ma ya ɓace daga aljihu. Amma lissafin da ke cikin sunanta yana nan. Ƙarya kyauta ake raba ta, domin akwai mai biya a ɓoye. Tantance labari kuwa yana cin kuɗin mota, da katin waya, da albashin wakilin da zai je Barikin Ladi ya dawo kafin dare. Mutanen 1939 sun cire kwabo daga aljihunsu sun saya. Ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman da ke cike zaurukan WhatsApp a yau, waɗanda 'yan'uwa ke tura wa saƙo suna tambayar “gaskiya ne?”, su ne a matsayin mai karanta jarida a majalisar da. Abin da suka tura gaba, da abin da suka riƙe har sai sun bincika, da kafar da suka yarda su biya don ta rayu, su za su nuna yadda asubahi irin ta 8 ga Agusta za ta ƙare idan ta sake zagayowa.